Burgu ya samu lambar zinariya, raƙumin dawa ya hau mota

Yau shafinmu na lafiya da noma ya kawo muku labarin dabbobi biyu. Dukansu manomi na kuka da su. Labarin zai ba ku dariya, amma gaskiya ne, kuma akwai abin amfani a cikinsa.

Burgu mai aikin soja

Kowa ya san burgu da matarsa gafiya. Da dare suke fitowa, su cika kumatu da gujiya ko hatsi, su kai rami. Shi ya sa ake cewa gafiya tsira da na bakinki.

To, a garin Morogoro na ƙasar Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna APOPO ta buɗe wa irin wannan ɓera makaranta. Tun suna ƙanana ake koya musu sansano warin nakiya, wato bam ɗin da ake binnewa a ƙasa lokacin yaƙi. In burgu ya ji warin, sai ya tsaya ya yi ta tonon wurin da farce. Ladansa ayaba ce ko gujiya. Nakiya ba ta tashi da shi, domin nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da ƴan kai ba. Bayan ya nuna wurin, masana su zo su cire ta.

Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Magawa. An kai shi ƙasar Kambodiya a shekarar 2016. Ya gano nakiyoyi da sauran bama-bamai fiye da 100. Gonakin da aka daɗe ana tsoron takawa, manoma suka koma suna nomansu. A watan Satumba na 2020 wata ƙungiyar kula da dabbobi ta Ingila ta rataya masa lambar zinariya. Ya yi ritaya a 2021, ya mutu a watan Janairu na 2022 yana da shekara 8.

Burgu a gidan likita

Hancin burgu bai tsaya ga nakiya ba. Tun shekarar 2007 a Tanzaniya aka sa shi sansano tarin fuka. Ana tattaro majinar masu tari daga gidajen likita, a dafa ta don a kashe ƙwayar cutar, sannan a jera masa. In ya iso kan wadda ke da cutar, sai ya kafe hancinsa a wurin. Cikin minti 20 yakan duba majina 100. Wadda ya nuna, ma'aikata su sake auna ta da na'ura kafin a faɗa wa mai ita. Ta haka an gano mutane da yawa waɗanda awon farko bai kama ba.

Amma fa kada wani ya je ya tona rami ya ce ya samo likita. Burgun gidanku bai shiga makaranta ba, ɓarawo ne kurum. A toshe ramukan gindin rumbu, a rufe abinci da ruwan sha, domin fitsari da kashin ɓeraye na kawo cuta. Wanda kuma ya yi sati 2 yana tari, yana zazzaɓi da gumin dare, yana ramewa, ya tafi likita a auna majinarsa. Tarin fuka na warkewa in an sha magani wata 6 ba fashi. Wanda ya ɓoye shi, iyalinsa zai fara shafa wa.

Ɓarawon wake mai dogon wuya

Labari na biyu na gida ne. A yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai bisa hanyar Doso, akwai raƙuman dawa. A dā irinsu na yawo daga Senegal har tafkin Cadi. Farauta da fari da saran itace suka cinye su, har ya zamana a duk Afirka ta Yamma Nijar kaɗai suka rage. A 1996 ba su wuce 50 ba. Doka ta hana kashe su, mutanen karkara suka ba da hannu, sai ga shi a 2018 sun haura 600.

Namiji yakan wuce mita 5 a tsaye. Amma ƙasusuwan wuyansa 7 ne, daidai da naka da nawa, sai dai kowane ya yi tsawo. Harshensa ya kusa rabin mita, da shi yake zaro ganye daga cikin ƙaya. Mace takan yi wata 15 da ciki, kuma a tsaye take haihuwa. Ɗan yakan faɗo ƙasa tim, kafin awa guda ya miƙe, tsawonsa ya kai na babban mutum.

Manoman Kure sun san halinsa. Bai cika damuwa da hatsi ba, amma wake da mangwaro ba ya ga-maciji da barin su. Mu kan ɗora harawa bisa itace don awaki. A wurin raƙumin dawa kuwa, an ɗora masa akushi ne daidai bakinsa.

Da suka yi yawa, a watan Nuwamba na 2018 aka kama guda 8, aka loda su a babbar mota. Suka yi tafiyar kilomita 800, kawunansu na leƙen garuruwa ta sama, har gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Wurin ya yi kusan shekara 50 rabonsa da su. A 2022 an ƙara kai guda 4.

Abincinsa na asali ganyen itace ne, irin su gawo da geza. Inda aka sare itatuwa, dole ya faɗa gona. Gawon nan kuwa shi ke ba gona taki, ya ba bisashe ƴaƴa da rani. Saboda haka in kana sharar gona ka tarar da ɗan gawo ya tsiro, ka bar shi, ka yi masa sassabe ya tashi.