Bunsuru Ɗaya Ba Ya Riƙe Garke Har Abada

Makiyaya da matan gida na Tagriss, cikin gundumar Dakoro, sun san wannan damuwa: akuya ta haifi ɗa ƙanƙane, marar kuzari, ya mutu kafin yaye. Akan ɗora laifin ga yunwa ko ciwo, kuma sau da yawa haka ne. Amma akwai wani dalili da ido ba ya gani, wato kusancin jini, lokacin da bunsuru ɗaya ya daɗe cikin garke har ya hau ƴaƴansa.

Wannan abu yana da lissafi. A shekarar 1922 wani masani ɗan Amurka, Sewall Wright, ya fito da ma'auninsa. Kowace dabba tana gadon ƙwayoyin hali biyu biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan ɗaya tana da aibu, ta biyun takan rufe shi. To, idan iyayen dangi ne, ɗan yana iya samun ƙwaya mai aibun ta ɓangarori biyu. Bunsuru ya hau ƴarsa, ma'aunin ɗan ya kai kashi 25 cikin 100. Idan ƴan uba ne suka haɗu, kashi 12 da rabi.

Wannan lissafi sai an san asalin kowace dabba, alhali garkenmu ba su da rajista. Shi ya sa masana ke ɗibar jini ko gashi, su ƙirga dabbobin da ƙwayoyinsu biyu suka bambanta, su gwada da adadin da ya kamata a samu in babu haɗin dangi. A misali, ana jiran 50 cikin awaki 100, sai aka tarar da 40: giɓin 10 cikin 50 ke nan, wato kashi 20 cikin 100. Awaki kaɗan ba su isa shaida ba, don giɓin yana iya zama katari kawai. Dole a auna da yawa.

Mai garke ba ya bukatar ɗakin bincike. Akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, ƴarta kuma takan isa barbara kafin ta cika shekara. Saboda haka, bunsuru ya shekara guda, a musanya shi da na wani ƙauye mai nisa, ba na maƙwabci ba, domin awakin unguwa ɗaya kiwo ɗaya suke fita. Ƙananan bunsuran da ba a zaɓa ba, a dandaƙe su tun da wuri, a yi musu turke don kasuwa. Mai son jar akuyar Maradi ya tambayi ma'aikacin dabbobi yadda ake samun bunsuru daga cibiyar kiwon awaki ta Maradi.