Wa Ke Biyan Kuɗin Jinyar Gaggawa a Amurka?

A Amurka, duk asibitin da ke da sashen gaggawa, kuma yake karɓar kuɗin Medicare, wato shirin gwamnatin tarayya na jinyar tsofaffi, wajibi ne ya duba duk wanda ya zo neman agaji, ko yana da inshorar lafiya ko ba shi da ita. Dokar da ta ɗora wannan nauyi ita ce EMTALA, wadda Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu a 1986. Da yake kusan kowane asibiti na cin moriyar Medicare, da wuya a sami wanda dokar ba ta hau kansa ba.

Kafin zuwanta, asibitoci masu zaman kansu kan tura marasa galihu asibitocin gwamnati, wani lokaci tun ba su farfaɗo ba. Likitocin asibitin Cook County da ke Chicago sun bi diddigin waɗanda ake turo musu, suka wallafa sakamakon a 1986: kashi 87 cikin ɗari rashin isasshiyar inshora ce ta sa aka turo su, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu suna cikin mawuyacin hali lokacin da aka ɗauko su. Galibinsu baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka.

Abin da dokar ta ce a taƙaice yake. A duba mutum, idan larurarsa ta gaggawa ce a yi masa magani har ya fita daga haɗari, kuma kada a jinkirta aiki don tambayar kuɗi. Mace mai naƙuda tana cikin wannan hukunci. Asibitin da ya saɓa zai iya biyan tara, ko a cire shi daga Medicare.

Sai dai majalisa ba ta ware ko sisi don wannan aiki ba, ba ta kuma ce jinyar kyauta ce ba. Bayan an sallami majinyaci, takardar kuɗi na biye da shi. A nan ne rashin adalcin ya fi fitowa fili. Kowane asibiti yana da jerin farashinsa, wanda yawanci ya ninka abin da ya kashe. Kamfanonin inshora ba sa biyan wannan farashi, domin suna da ɗimbin masu hulɗa da su, sai su yi ciniki a rage musu. Medicare kuwa ita ke yanka nata farashin. Wanda ba shi da inshora ba shi da mai yi masa ciniki, shi ya sa cikakken kuɗin kan faɗo a kan wanda ya fi kowa rashi. Idan ya kasa biya, a miƙa bashin ga kamfanonin karɓar bashi, wasu asibitocin ma har kotu suke zuwa. Asibitocin kuma suna da nasu kukan: abin da ba a biya ba yana taruwa, ya fi kuma danne waɗanda ke karkara da unguwannin talakawa.

Akwai wani giɓin. Dokar ta tsaya ne a kan fitar da mutum daga haɗari, ba warkar da shi ba. Mai ciwon suga za a ceto shi idan ya faɗi, amma maganin yau da kullum nasa ne ya nema. A wasu jihohi, baƙin da ba su da takardun zama ba sa samun wankin ƙoda sai jikinsu ya yi tsanani, alhali wankin da ake yi a kan kari ya fi sauƙin kuɗi, ya fi kuma tsare rai.

Dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ta rage kaifin lamarin. Ta wajabta wa asibitocin da ba na neman riba ba su tanadi tsarin rangwame, kuma kada su caji wanda ya cancanci rangwamen fiye da abin da aka saba karɓa daga masu inshora. Ta kuma faɗaɗa Medicaid, shirin jinyar masu ƙaramin ƙarfi, amma a 2012 Kotun Ƙoli ta bar wa jihohi zaɓi, manyan jihohi irin su Texas da Florida kuma ba su shiga ba. A 2023, kimanin mutum miliyan 26 ne ba su da inshorar lafiya a ƙasar.