Tsagar Bango a Manhajar Wasiƙun Imel

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka abin yake ga manhajar karanta wasiƙun imel. Alal misali, a watan Maris na 2023 kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a Outlook. Ɓarayi kan aiko wasiƙa mai ɗauke da tunatarwar taro. Da isarta, tun ba a buɗe ta ba, sai kwamfutar ta miƙa musu mabuɗin sirrin mai ita. Ashe an kusa shekara ana ɓarna ta wannan kafa. Abin takaici, har watan Disamba na shekarar waɗanda suka yi sakacin sabunta manhajarsu ba su tsira ba, alhali kuwa gyaran kyauta ne.