Dalilin da Ya Sa Aibin Ertuğrul Bai Hana Kallonsa a Jazira ba

Masu sukar Diriliş: Ertuğrul, shirin da tashar TRT ta Turkiyya ta nuna daga 2014 zuwa 2019, ba su yi ƙarya ba. Labarin yana ja kamar danƙo, kowane zango da munafukinsa a cikin tanti, daga Kurdoğlu zuwa Ural, jarumi kuma a sare shi a ɗaure shi, gobe ya tashi garau. Abin da tarihi ya adana game da Ertuğrul kansa bai taka kara ya karya ba, haɗuwarsa da Ibnu Arabi ma ƙagen marubuta ne. Inda suka kuskure shi ne zaton cewa mai kallo a garin Rufa'a ko na Mai Wurno a Sudan bai ga wannan ba. Ya gani sarai, wani abu dabam ne ya zaunar da shi.

Abin nan shi ne ƙasa. Ƙabilar Ertuğrul, Kayı, tana yawo da tumakinta da tsofaffinta, Mangol a baya, tana roƙon sarkin Halab wurin kafa tanti. Bahaushen Jazira ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a gabas har bakin kogin Nilu Shuɗi, wasu kuma hanyar hajji ce ta ajiye su, suka ƙare da cirar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma tambayar "ƙasar wa?" ba ta mutu ba: rikicin 2022 a jihar Nilu Shuɗi ya taso ne kan neman sarautar gargajiya da Hausawa suka yi. Wanda ake kira baƙo a garin da aka binne kakansa, in ya ga baƙi sun kafa daula, ba ɗinkin rigar ɗan wasa zai tsaya dubawa ba.

Akwai masu cewa farfaganda ce ta shugaban Turkiyya Erdoğan, wanda ya zo Sudan a 2017 aka ba shi gyaran garin Sawakin. Da ƙamshin gaskiya, kuma abin dariya ne a tafa wa Ertuğrul, kakan Usmaniyawa, a ƙasar da mulkin Turkiyya na 1821 zuwa 1885 ya bar tabon haraji da farautar bayi, har Mahadi ya kore shi. Sai dai galibin kakannin Hausawan nan bayan wannan zamani suka iso, tabon ba a jikinsu yake ba.

Illar da ta fi damuna ita ce darasin da shirin ke maimaitawa, cewa kowace masifa daga maci amana na cikin gida take, maganinsa kuma takobi. A Jazirar da yaƙi ya shiga a Disamba 2023, inda zargin haɗa baki da abokan gaba ya ci rayukan mazauna kambo, wato matsugunan leburorin gona, wannan darasi yana da tsada.