Haska Ƙari a Hoton Asibiti: Matsalar Suna a Hausa

1.0 Gabatarwa

Sabon Tasha, a ƙaramar hukumar Cikun ta jihar Kaduna, matattara ce ta Gbagyi da Bajju da Atyap da sauran al'ummun da suka fito daga yankin Kafancan, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da asibiti. Idan aka tura majinyaci daga can zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika domin ɗaukar hoton ƙari, da Hausa galibi za a yi masa bayanin abin da za a ɗura masa a jijiya. Wannan maƙala ta dubi aikin abin da kuma sunan da ya dace da shi.

2.0 Yadda Yake Aiki

Ƙari kan saje da naman da ke kewaye da shi a hoton MRI. Domin bambanta su, tun 1988 ake ɗura sinadari mai ɗauke da gadoliniyam, sai dai ƙoda kan tace shi cikin 'yan sa'o'i. A 2006 kuma aka danganta shi da wata cuta mai taurara fatar masu ciwon ƙoda.

Wannan ya ƙara wa masana himmar lulluɓe sinadarin a cikin polima, wato abu mai dogon sarƙaƙƙen gini irin na sitaci ko ƙaro. Girman kowane ɗigo kan kama daga nanomita 10 zuwa 200, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. A 1986 Matsumura da Maeda na Japan suka nuna cewa jijiyoyin ƙari suna yoyo, don haka abu mai irin wannan girma kan taru a cikinsa. Yawancin waɗannan sinadarai suna matakin gwaji tukuna.

3.0 Matsalar Suna

Kalmomi uku ne suka fi saurin zuwa baki, kowace da illarta:

(a) "Magani": sinadarin ba ya warkarwa, nunawa kawai yake yi. Wanda ya ɗauka an yi masa magani yana iya ƙin komawa asibiti.

(b) "Allura": akwai tsohon camfi cewa ciwon daji ba ya son allura, don haka kalmar na iya korar majinyaci.

(c) "Ƙwaya": tana nufin abin haɗiya, har ma da kayan maye. "Ƙwayar zarra" kuwa ta riga ta zama sunan atom.

4.0 Kammalawa

Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi na 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, harshe da adabi ya sa gaba, bai shafi likitanci ba. Saboda haka ana ba da shawarar "ruwan haska hoto" a bakin ma'aikacin asibiti, da "ɓurɓushin polima mai haska hoto" a rubutun masana. Dukansu sun faɗi aikin abin ba tare da alkawarin waraka ba, kuma wanda Hausa ba harshensa na farko ba ne zai fahimci na farkon nan take.