Kafin ka tura kuɗin "kafet ɗan Farisa", ce a nuna maka bayansa

Kwanakin baya, lokacin da ake haɗa ma yayata kayan ɗaki, ta turo mani hoton wani kafet da ta gani a Instagram. Ja ne jawur, da zanen furanni a tsakiya, an shimfiɗa shi a wani falo mai fitilu. A ƙarƙashin hoton an rubuta wai ɗan Farisa ne, saƙar hannu, kai tsaye daga Iran. Kuɗinsa ya haura na rijistar makarantata ta shekara guda. Ni da nake karantar aikin jarida, kullum ana koya mana tantance labari, ban yi tambaya ko ɗaya ba. Cewa na yi, "Yaya, wannan ai ya haɗu, ki tura kawai."

Aka tura kuɗi, kaya ya iso Katsina. Muna warware shi a tsakar gida sai ga kawunmu, wanda ya daɗe yana sana'ar hula. Bai ko kalli furannin ba. Ya duƙa ya ɗaga gefe guda, ya shafa bayan, sannan ya ce, "Wa ya ce maku wannan na hannu ne?" Ya cire hular kansa ya juya cikinta. "Ko hula ta ciki ake gane ta. Aikin hannu ba ya ɓuya."

Gaskiyar Kawu ce. Na inji ne, kuma zaren roba. Tun daga ranar na shiga neman sanin yadda ake bambancewa, domin na san ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba.

Da farko, me ya sa sunan Farisa ke ɗaga farashi? Farisa tsohon sunan Iran ne, kuma saƙar darduma a can ta yi ɗaruruwan shekaru. Garuruwa irin su Tabriz, Isfahan, Kashan, Kum da Kerman kowanne da salon zanensa. Dardumar Ardabil da ke wani gidan tarihi a Landan tana ɗauke da shekarar da aka saƙa ta, 946 bayan Hijira, wato wajen 1539, kuma har yau mutane na zuwa kallonta. A 2013 an yi gwanjon wata tsohuwar dardumar Farisa a birnin New York a kan sama da dala miliyan 33. Wannan sunan ne 'yan kasuwar intanet ke ara su liƙa ma kayansu.

Tsadar ta asali daga wahalar aikin take. Masaƙi na ƙulla zare ne ɗaya bayan ɗaya a jikin zaren tsaye, ya yanke, ya sake ƙulla wani. A Tabriz suna auna kyan saƙa da abin da suke kira raj, wato yawan ƙulli a tsawon santimita 7. Darduma mai raj 50 na da ƙulli kusan 50 a kowace murabba'in santimita. Idan girmanta mita 2 ne da mita 3, ƙulli wajen miliyan 3 ke nan. Ko da mutum zai iya ƙulla 10,000 a rana, sai ya yi kwana 300. To ka tambayi kanka: aikin kusan shekara guda, da kuɗin ulu, da na rini, da na jirgi, da na kwastan, shi ne za a sayar maka a kuɗin ƙaramar waya? Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.

Ga abubuwan da za ka duba, ko a Babbar Kasuwar Katsina kake, ko a Kano, ko a waya.

Na ɗaya, bayan kafet ɗin. Na hannu zanensa na fitowa raɗau a baya kamar yadda yake a gaba, kuma za ka ga ƙulle-ƙullen ba su zama daidai cif ba, wani ya ɗan fi wani, wani layin ya ɗan karkace. Na inji layukansa a miƙe suke sambal, kuma bayan na da tauri. Akwai na uku da ya fi ruɗar mutane: wanda ake harba zare a jikin yadi da wata 'yar na'ura mai kama da bindiga, a shafe bayan da gam, a rufe da ƙyalle. Shi ma ana kiransa na hannu, amma babu ƙulli ko ɗaya a jikinsa, kuma idan gam ɗin ya tsufa sai ya fara zubar da gari. Duk kafet ɗin da aka rufe bayansa da ƙyalle, ka yi hattara.

Na biyu, gezar da ke bakinsa. A na hannu, geza ita ce ƙarshen zaren tsayen da aka yi saƙar a kai, daga cikin jikin dardumar take fitowa. A na inji galibi ɗinka ta ake yi daga baya, kuma za ka ga layin ɗinkin. Namu haka yake.

Na uku, zaren. Ulu na da nauyi, idan ka danna shi da yatsa yana tasowa. Idan mai kaya ya yarda, a ciro ɗan zare a ƙona: ulu da alharini na warin ƙonannen gashi su bar tokar da ke murmushewa, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule. Akwai wani zare mai sheƙi da ake cewa siliki ne alhali ba shi ba ne, shi warin ƙonanniyar takarda yake yi.

Na huɗu, launi. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a gefe. Idan ya ɗauko launi, rinin bai kama ba, wanki ɗaya zai lalata shi. Amma idan ka ga shuɗin wani sashe ya ɗan fi na wani duhu, kada ka ɗauka aibi ne. Zaren da aka rina a lokuta daban-daban ne, kamar yadda turmi biyu ba sa fitowa daga karofi iri ɗaya sak.

Kada kuma takardar da ke jiki ta ruɗe ka. Iran ita ma tana da masana'antun kafet na inji, musamman a yankin Kashan, kamar yadda Turkiyya ke da su a Gaziantep. Saboda haka kaya na iya fitowa daga Iran da gaske, kuma ya zama na inji.

Ba ina cewa na inji ba shi da kyau ba ne. Mu da muke fama da ƙurar hunturu da yara masu zubar da koko, wani lokacin ma shi ya fi dacewa da mu: yana da sauƙin wanki, asu ba ya cin roba, kuma aljihu na iya ɗauka. Mafi yawan sallayun da ke gidajenmu da masallatanmu na inji ne, kuma suna aikinsu. Matsalar ita ce a sayar maka da na inji da suna da kuɗin na hannu.

Da Yaya ta tuntuɓi mai shafin, cewa ta yi ita ma haka aka faɗa mata. Ƙila gaskiya ta faɗa, domin da yawa daga 'yan'uwanmu matasa masu talla a WhatsApp da TikTok ba su taɓa riƙe kayan da hannunsu ba, hoto kawai ake turo masu. Idan kana cikinsu, ɗan'uwa, sunanka ne jarinka. Ka tambayi dilanka kafin ka rubuta "saƙar hannu".

Kafet ɗin na nan a falon Yaya, baƙi na yaba shi, kuɗin kuwa sun tafi. Kai da ba ka tura naka ba tukuna, ka ce a ɗauko maka bidiyon bayansa da gezarsa, a kusa, da rana tsaka. In mai kaya ya fara kwana-kwana, ka riƙe kuɗinka.