Gyangyaɗin Rana da Magungunan Wartsakarwa: Waiwaye daga Sakaba

Bahaushe kan ce barci ɓarawo ne, kuma ya daɗe da tanadar wa ɓarawon nan makari. Tun zamanin fataken Gwanja, goro ne abokin mai hira da mai doguwar tafiya. Sinadarin kafin da ke cikinsa yana tare aikin adinosin, wato sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana kiran barci. Da zarar ƙarfin kafin ya sauka, gyangyaɗi ya dawo, domin ba a biya bashin barcin ba.

A Ƙaramar Hukumar Sakaba ta masarautar Zuru, wannan batu ya wuce na al'ada kawai. Manomin da ya kwana sintiri saboda 'yan bindiga, sannan ya wayi gari a gonar dawa, dole rana ta same shi yana gyangyaɗi. Irin wannan ne ke kai wasu ga neman ƙwaya a kasuwa, musamman tiramadol, wanda maganin raɗaɗi ne, yana kama jiki, kuma yawansa na haddasa jijjiga irin ta farfaɗiya.

Kalmar gyangyaɗi ɗaya ce a baki, amma likitoci sun rarrabe musabbabanta. Akwai na ƙarancin barcin dare. Akwai na toshewar numfashi a cikin barci, wanda minshari mai ƙarfi ke yi wa rakiya. Akwai kuma nakolefsi, cutar da kan jefa mutum cikin barci yana tsakiyar magana ko aiki, wadda galibi ke faruwa saboda ƙarancin sinadarin oreksin da aka gano a 1998.

Wannan rukuni na ƙarshe shi ya fi cancantar magungunan wartsakarwa. An fara gwada amfetamin a kansa a 1935, sannan aka samar da modafinil a Faransa, Amurka ta amince da shi a 1998. Suna rage gyangyaɗi, ba sa warkar da cutar, kuma amfetamin na hawar da jini da saurin bugun zuciya, shi ya sa ake shan su bisa kulawar likita.

Saboda haka, abin da ya kamata a fara tambayar mai gyangyaɗi shi ne yadda ya kwana. Wanda tsaron gari ya hana runtsawa, maganinsa karɓa-karɓa a sintiri da ɗan ƙailula da rana. Wanda kuwa ya ƙoshi da barcin dare amma bai daina gyangyaɗi ba, asibiti ya dace ya nufa kafin ya kai ƙwaya bakinsa.